Minti Biyar Kawai

Doguwar motar ta wuce ta da kamar taku hamsin, sannan jajayen fitilun bayanta suka kama. Ta gangara gefen titi, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin tayoyinta. Lorna Tibbets ta sauke hannun da take ɗagawa, ta jingina da 'yar motarta da ta buɗe wa bonet. Rana tsaka ce, amma iskar Oktoba sai yankar kunne take. Gabas da yamma babu gida, babu bishiya, sai fili fetal da duwatsun Nevada can nesa.

Irin motocin nan ce masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda tsofaffi ke kwararowa kudu da su duk kaka don gudun sanyi. Ƙofa ta buɗe, wata 'yar tsohuwa mai farin gashi ta sauko da gorar ruwa a hannu.

"Sannu 'yata! Me ya sami motar? Ungo, sha ruwa tukuna."

Lorna ta kau da kai.

Daga cikin kwalbati maza biyu suka ɓullo a guje. Royce ne a gaba, saurayin Lorna, bindiga tsirara a hannunsa. Dell na biye, ɗan ƙanin babansa, ƙato mai rawar jiki.

"Ciki, tsohuwa! Ciki na ce!"

Gorar ta faɗi, ruwan ya bi ƙasa. Royce ya hankaɗa matar cikin motar, ya ɗora wa direban bindiga a kunne. Tsoho ne ramamme, da siririyar roba a hancinsa, ta bi ta kafaɗarsa zuwa wata na'ura da ke huci a bayan kujera.

"Tashi, Baba. Ka yi ritaya daga tuƙi yau."

"Ku ɗauki komai," in ji tsohon, muryarsa a shaƙe. "Kar dai ku taɓa Maxine."

"Ji soyayya! Dell, kama sitiyari. Lorna, kai su gado ki ɗaure musu ƙafa."

Cikin minti uku sun hau titi. Tsarin Royce mai sauƙi ne: akwai mai sayen motar can kusa da iyakar Arizona, tafiyar awa biyar. Idan aka zubar da tsofaffin a hanya, wani zai tsince su, su tona asiri. Don haka za a tafi da su, sai an kusa a sauke su a jeji. Motar Lorna kuwa, ya rantse mata ya sauya lambarta tun jiya, babu mai gano ta.

Lorna ta ja na'urar zuwa bakin gado, ta sake jona ta. Ta ɗaure musu ƙafa. Ɗakin na ƙamshin kirfa da burodi. An manna hotunan jikoki a ƙofar firji.

"Sunansa Orville," Maxine ta ce a hankali. "Huhunsa ya lalace, shekara talatin yana aikin haƙar ma'adini a Idaho. Likita ya ce idan ya sake yin hunturu a gida ba zai kai bazara ba. Shi ya sa muka taso. Don girman Allah, 'yata, kar a kashe masa wannan abin."

"Ba wanda zai taɓa shi, Mama. Ki yi shiru kawai."

A gaba Royce ya buɗe firji ya ciro ragowar kaza, yana ci yana tofar da ƙashi a ƙasa. Ya ajiye oba-obarsa mai kamo maganar 'yan sanda a kan tebur. Titin ya fara hawa dutse, injin na gurnani. Na'urar tsohon kuwa ba ta fasa ba: fuu — tak, fuu — tak.

Oba-obar ta yi ƙara. Muryar wata mace, ana jin ta sama-sama.

"Me ta ce?" Dell ya tambaya. "Oga, me ta ce?"

"Ya za a yi in ji? Wannan shegen abin ya cika min kunne! Lorna, kashe shi!"

"Royce, numfashinsa ne fa."

"Minti biyar kawai! Zai mutu ne a minti biyar? Kashe, ko in zo in farfasa shi da ƙafa!"

Ta san zai aikata. Ta dubi Maxine, tsohuwar na girgiza kai, hawaye na zuba. Lorna ta miƙa yatsa ta danna. Shiru ya cika motar.

Yanzu muryar ta fito tar. Wani direban motar shanu ya hango maza da bindiga suna tura tsohuwa cikin farar motar kwana. An je wurin, an tarar da ƙaramar mota a buɗe. An duba lambarta. Mai ita Lorna Tibbets ce, 'yar shekara talatin da huɗu.

Lorna ta miƙe zumbur, ta yi gaba tana dafa bango.

"Ka ce ka sauya lambar!"

"Na manta."

"Ka manta? Sunana fa suka kira! Ba naka ba, ba na Dell ba!"

"To sai me? Kin yi suna. Zauna dalla."

Ta kai masa duka a ƙirji. Ya kwaɗa mata mari da bayan hannu, ta faɗi tsakanin kujeru, bakinta ya fashe. Dell na ihu a bar faɗa, motar na tangal-tangal a kan kwana. Can baya Maxine na kira, "'Yata! 'Yata!" Lorna ta ji kiran, amma kanta na juyawa, zuciyarta na kan sunanta da ke yawo a bakin kowane ɗan sanda a jihar. Suka yi ta zage-zage har suka haye ƙololuwar dutsen, inda iska ba ta isar mai lafiya ma.

Sai kiran ya tsaya.

Shi ne ya dawo da ita hayyacinta. Ta rarrafa baya da sauri, ta danna na'urar. Fuu — tak. Leɓunan Orville sun yi shuɗi, idonsa a buɗe. Maxine ta rungume kansa a cinyarta, tana gyara masa robar hancin da yatsu, ba ta ko ɗago ba.

"Ya mutu," Lorna ta faɗa.

Dell ya taka burki, ya karkata kan wata hanyar ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Ya diro, ya yi jifa da makulli a kan kujera.

"Ni na fita! Mota muka zo sata, ba kisa ba! Gara in miƙa kaina!"

Royce ya bi shi. Lorna ta tsaya a bakin ƙofa.

"Haba ɗan'uwa, zo mu yi magana. Tare muka tashi fa."

"Ba ruwana da kai, Royce! Zan faɗa musu komai!"

Dell ya juya baya ya nufi titi. Bai yi taku goma ba — tau! Ya durƙusa, ya kifa da fuska cikin ƙasa. Ƙafarsa ɗaya ta yi shure-shure, ta tsaya.

Royce ya dawo yana goge bindigar da gefen rigarsa, ya hau kujerar direba.

"Rufe ƙofa. Ko ke ma kina da magana?"

Ta ja ƙofar ta rufe.

Royce bai iya jan babbar mota ba. Ya hau titi yana cin layi biyu, ya take ta har ƙarshe a gangara. Jiniya ta taso daga baya, ɗaya, biyu, uku. A gaba, inda titi ya matse tsakanin duwatsu, motoci sun gitta, an shimfiɗa sarƙar ƙusoshi.

"Royce, tsaya! Tsaya!"

Fam! Fam! Tayoyin gaba suka fashe. Motar ta ja ƙarfe a kwalta, tartsatsi na tashi, kwanuka na zubowa daga kabad, ta daki bangon dutse ta tsaya a karkace.

"Ku fito hannu sama!" lasifika ta yi tsawa.

Royce ya juyo. Fuskarsa ta yi laushi, irin yadda take yi lokacin da yake neman ta.

"Riƙe min wannan, masoyiya. Bari in yi musu magana."

Ta karɓa ba tare da tunani ba. Shekara shida duk abin da ya miƙo mata karɓa take. Ya buɗe ƙofa, ya faɗa ƙasa a guiwa, hannu sama, yana kururuwa kamar mace mai naƙuda.

"Kar ku harbe ni! Tana ciki da bindiga! Ta kashe ɗan'uwana! Ta kashe tsohon! Ku cece ni!"

Lorna ta dubi abin da ke hannunta. Har aka fasa gilashi aka danne ta a ƙasa, ba ta sake shi ba.

Shari'ar ta ɗauki wata tara. Motar tarkon tata ce. Zanen yatsun da ke kan bindigar nata ne. Royce ya sa kwat, ya aske gemu, ya yi kuka a gaban masu yanke hukunci, aka sassauta masa saboda ya ba da shaida. Lauyan Lorna ya sa rai ga tsohuwar, don ita kaɗai ce ba ta da dalilin yin ƙarya.

Maxine ta shigo a keken guragu, ƙugunta ya karye a haɗarin. Ba ta yi ƙarya ba. Ta ce Royce ne ya ba da umarni. Ta ce harbin Dell ba ta gani ba, ƙara kawai ta ji, tana riƙe da mijinta. Da aka tambaye ta wa ya kashe na'urar, ta ɗaga yatsa ta nuna Lorna.

An binne Orville a Idaho, an binne Dell a kabarin da babu wanda ya raka shi. Royce ya sami shekara goma sha takwas, da damar fita kafin nan. Lorna ta sami ɗaurin rai da rai.

Da za a fita da ita, aka bi da ita ta gaban keken. Ta tsaya, sarƙa na ƙara a ƙafarta.

"Mama, ki yafe min."

Tsohuwar ta dube ta. Idonta a bushe.

"Shi cewa ya yi mu wuce," ta ce. "Ya ce wurin bai kwanta masa ba. Ni na ce, Orville, mace ce ita kaɗai a jeji, ka tsaya. Shekara hamsin da ɗaya bai taɓa ƙin maganata ba." Ta juya ga jikarta da ke riƙe da keken. "Tura ni mu tafi."