Manajan da Ke Ɗaukar Buhu

Asma'u na tsakar gida tana tsince shinkafa da 'yar waƙarta, sai ga Goggo Fatu, ƙanwar babanta, ta faɗo ko sallama babu, galan ɗin mai na reto a hannunta.

"Yaya Alhaji, fito ka ji. Manajan nan da ya kawo mana goro, yanzun nan na gan shi a injin man gyaɗan Mista Clement da buhu a ka. Wallahi ɗan dako ne!"

Ita fa Goggo, tun ranar da aka kawo goron neman auren ta cika Azare da cewa 'yarsu matar manaja ce. Shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo.

Alhaji Bappayo ya fito yana gyara hula. "Ni ba dako nake ƙi ba, Fatu, ƙarya nake ƙi. In haka ne, Juma'ar nan maimakon sa rana sai a mayar musu da goronsu."

Farantin ya suɓuce daga hannun Asma'u. Shekara biyu tana jiran saurayin nata Jalo ya gama difloma a Bauchi, tana son sa kamar ranta, yanzu kuma kwana uku ya rage a raba su? Ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, tirenin yake yi. Wata shida ne, sai ya bi kowane sashe, daga sauke kaya har suya, har matsa, har lodi, kafin a ba shi ofis. Don Allah ka je ka gani da idonka."

"Tirenin ɗin dako?" in ji Goggo.

Alhaji ya ce, "Gani ya kori ji. Gobe ki ɗauko mayafinki, a gabanki zan tambaye shi."

Washegari da hantsi tsohuwar fijo ta sauke su, har da Goggo, a bakin kamfanin, suka tarar da abu ya cakuɗe. Motar gyaɗa daga Udubo ta toshe ƙofa, motar mai tana son fita, direbobi na ta cacar baki. Ga Jalo nan cikin riga duk maiƙo. Asma'u ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Jalo bai ma gan su ba. Ya sa motar gyaɗa ta ja baya, ta mai ta wuce. Ya soka hannu can tsakiyar buhu, ya ɗebo gyaɗa, ya gartsa ɗaya.

"Da danshi. Kada a kai ta sito, za ta sa wa sauran fumfuna. A zube ta a dandamalin shanya. Masu suya ku ci gaba da ta jiya, kada inji ya tsaya. Ku masu sauke kaya ku kasu biyu, in rukuni ɗaya ya yi buhu goma ya huta."

Direban motar gyaɗar ya hau rantsuwa cewa gyaɗarsa busasshiya ce. Alhaji, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gonar gyaɗa a Chinade, ya taka a hankali, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gartsa. Ba ta yi ƙaras ba. Ya dubi direban. "Ɗana, ji tsoron Allah. Wannan sai ta ƙara kwana biyu a rana."

Sai a sannan Jalo ya waiwayo. Ya zube ƙasa yana gaisuwa, yana ƙoƙarin ɓoye hannuwansa.

Mista Clement ya fito daga ofis, Hausarsa tas, don shekararsa ashirin a garin. "Alhaji, sannu da zuwa. Ni ba na ba wa takarda makulli. Wanda bai ɗauki buhu ba, ina zai san lokacin da mai ɗauka ya gaji? Mutum uku na ɗauka, biyu sun gudu tun satin farko wai an raina karatunsu. Wannan kuwa, ƙarshen wata aikin wurin nan duka yana hannunsa."

Alhaji ya ce, "Jalo, miƙo hannun da kake ɓoyewa."

Ya miƙa. Alhaji ya shafa kantar da ta fito a tafin, ya daɗe yana riƙe da shi. "Ni ma irinsa gare ni lokacin da na nemi uwar Asma'u. Ka gaya wa manyanka su zo Juma'a, a sa rana."

Asma'u ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata. Goggo Fatu kuwa, ko kunya babu, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har ta danne ƙarar inji. "Ai ni dama tun farko na ce yaron nan manaja ne."

Bayan ƙaramar salla aka sha biki, da man gyaɗan kamfanin aka yi suyar cincin. To 'yan mata, ku yi koyi da haƙurin Asma'u. Ku kuma iyaye, kafin ku yanke wa yaro hukunci da rigarsa, ku dubi hannunsa tukuna, don mai hawa tsani daga matakin ƙasa yake farawa.