Da'irar da Ta Fito da Haƙora

Rana ta yi ja ta gangara bayan katanga, kaji sun fara neman makwanci. A ɗakin da ke bakin ƙofar gida, wanda Injiniya ya hana a kira sito tun ranar da ya saka masa tebur, shi yana zaune gaban kwamfuta, 'yarsa Auta na tsaye a bayansa da kofin shayin da ya ce a kawo ya kuma manta da shi.

Aikin famfon ban ruwa ne. Auta ce ta zana sassansa ɗaya bayan ɗaya tun farkon damina: farfela, murfi, wuyan bututu, zoben da ke hana yoyo. Ta gama karatun zanen injuna da sakamako mai kyau, har wata masana'anta a can ƙarshen gari ta neme ta, uban ya ce ba inda za ta. Idonsa ya fara gajiya, ba shi da wani hannu sai nata, kuma yana son wannan ɗaki ya zama nata wata rana. Bai taɓa gaya mata haka ba, ya dai ce mata masana'anta ba wurin 'yar mutunci ba ne.

A yammacin nan ya haɗa sassan duka wuri guda don ya ga famfon a tsaye. Sai ga murfin da ya kamata ya zagaye sumul ya fito kusurwa-kusurwa, bakin bututu kamar ɓera ya gaigaye shi, farfela kuwa ta yi haƙora irin na zarto.

"Mene ne wannan?"

"Baba, in ka buɗe su ɗaya-ɗaya lafiya suke. Ka auna da'irar ka gani."

"A rarrabe ai kowa gwani ne. Sai an haɗa ake gane wanda ya yi ha'inci." Ya gyara tabarau. "In auna? Idon nan ya girme ki a aiki. Wannan za ki kai wa masana'antar taki? Ko mai gadi ba za su ɗauke ki ba."

Bai tsaya nan ba. A gabanta ya zaɓi jakar zanenta gaba ɗaya ya goge, ya bi ta kwandon shara ya zazzage, don darasi ya zauna. Auta ta ajiye kofin a gefen tebur a hankali, ko ɗigo bai zube ba, ta fita.

Kwanakin da suka biyo baya Injiniya ya sake zana komai da hannunsa, yana tsaki, yana matse ido. Ranar da ya gama, ana gab da kiran magariba, ya haɗa nasa sassan. Murfin ya fito kusurwa-kusurwa, farfela ta yi haƙora, sak irin na wancan karon. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya tashi ya tura ƙofa ya sa sakata, domin akwai abin da mutum ba ya son ko ƙadangare ya gani.

A lokacin ne dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufin.

Unguwar ba ta rasa yara masu jifa ba, kuma haka ya faɗa wa matarsa. Sai dai duwatsun ba sa sauka ko'ina sai kan ɗakin aikin, ba sa zuwa sai rana ta faɗi, kuma wanda ya ɗauka a tsakar gida da ɗumi ya same shi. Ya ce kwano ne ya gasa shi. Matar ta ce kwanon da dutse ya taɓa ya wuce a ƙiftawar ido, lalle kwano ne mai himma.

Auta ta daina cin abinci. Da yamma takan zauna a bakin rariya tana zana da'ira a ƙasa da yatsa, tana sharewa, tana sakewa. Daga baya aka fara jin murya daga ɗakinta, mai kauri, tana ƙirga wani abu ba ta kaiwa ƙarshe. Uwar ta leƙa ɗakin aiki wata rana ta ga famfon a kan allo, ta ja da baya tana salati.

"Ga shi nan ai! Sun cinye gefen abin. Shi ya sa ka rufe ƙofa."

"Matsalar na'ura ce."

"To gyara mana, tunda kai ne Injiniya."

Ya gwada. Ya kashe ya kunna, ya sauya wayar allo, ya cire manhajar ya sake sakawa, ya aro allon maƙwabci. Haƙoran suna nan. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai auna da'irar ba, domin ya san abin da awon zai ce da kuma wanda ya fara faɗa masa.

Ranar da Auta ta ɗaga turmi da hannu ɗaya ta jefa shi jikin ƙofar ɗakin aiki, uwar ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika aka kira Malam. Injiniya ya ce a rubuta a ajiye shi bai yarda da wannan ba. Ba wanda ya nemi takarda.

Malam ya iso bayan la'asar, dattijo siriri, ba ya gaggawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Auta, uwar ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Inuwar katanga ta yi ta rarrafowa har ta rufe su. Tsuntsayen da ke kan waya suka yi shiru, ko kuwa dai lokacin shirunsu ne ya yi. Can sai wuyan Auta ya sandare, idonta ya juye, bakinta ya buɗe da dariyar da ba tata ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni a banza."

"Wane ne kai, kuma me ya haɗa ka da baiwar Allah?"

"Ni ne mai ɗakin can, tun yana sito. Mai tabarau ya shigo da teburinsa ko sallama babu, na ƙyale shi. Da yarinyar ta fara zane sai na samu abin kallo. Ina zama a kafaɗarta ina bin hannunta. Ba ta taɓa ja mini layi a karkace ba. Damina guda ina kallo, shi kuma ya share da yatsa ɗaya."

Uwar ta juyo ta dubi mijinta. Ba ta san da wannan ba sai yanzu.

"Shi ya sa ka lalata masa zane a cikin na'ura?" in ji Malam.

Jikin Auta ya zabura har uwar ta kusa faɗuwa. "Kada ka zage ni! Jifa nawa ne, turmi nawa ne. Amma me zan yi da kwamfutarsa? Ku mutane komai kuka ɓata sai ku ce mu ne. Tambaye shi, da ya sake zanawa da hannunsa mai albarka, me ya fito?"

Uwar ta sake duban mijinta. Injiniya ya gyara tabarau.

"Matsalar na'ura ce," ya ce.

Dariyar ta sake tashi, ta daɗe ba ta sauka ba.

Malam bai ko kalle shi ba. "Wannan tsakaninku ne. Ni fita nake so ka yi. Zalunci ne ka hukunta ta a kan laifin da kai da bakinka ka ce ba nata ba ne."

"A maido mata abin da aka goge."

Malam ya waiwayo. Injiniya ya girgiza kai, da ƙyar aka ji shi: "Na zazzage kwandon."

"To a ba ni hannunsa na dama. Ya shanye, mu yi daidai."

"Ba ka da iko da hannun kowa," Malam ya ce, ya ɗaga murya da karatu. Auta ta yi ƙara, ta ƙanƙame tabarma, jijiyoyin wuyanta suka tashi. Injiniya, wanda bai yarda da komai a nan ba, ya samu kansa ya ɓoye hannunsa cikin aljihu.

"Tsaya! Tsaya, na sauko." Muryar tana haki. "A sa shi ya rantse. Yarinyar nan ba za ta ƙara ja masa layi ko ɗaya ba, ba za ta ƙara taka ɗakin can ba. Inda aka neme ta aiki, ya sake ta ta tafi. In ya rantse na fita, ɗakin ma na bar masa, ya zauna shi kaɗai da haƙoransa."

Injiniya ya lura, domin shi mutum ne mai lura, cewa buƙatun aljanin nan sun san adireshin masana'anta. Ya buɗe baki zai faɗi haka. Sai ya dubi 'yarsa: leɓenta ya tsage, ƙasusuwan wuyanta sun fito, yatsanta har yanzu yana zagaya ƙasa shi kaɗai. Ko wane ne ke magana, jikin nata ne ke biya.

"Allah gafarta Malam, ba wata hanya?"

"Akwai. In ci gaba da karatu, ita kuma ta ci gaba da wahala, har ɗayansu ya gaji. 'Yarka ce, ka zaɓa."

"Rantse mana!" uwar ta daka masa tsawa, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙo ba. "Famfo ka haifa ko mutum?"

Ya rantse. Malam ya sa ya maimaita da ƙarfi, ya kuma ɗauki alkawarin aljanin cewa ba zai dawo ba. Auta ta yi atishawa, ƙafarta ta hagu ta karkaɗa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, ruwa ta nema, da muryarta ta kullum. Ana kiran magariba, kuma ba abin da ya faɗo kan rufi.

Washegari da hantsi Injiniya ya zauna ya auna da'irar murfin. Daidai take, ko gashi ba ta kauce ba. Ya shiga saitin manhajar yana bi layi-layi, abin da tun farko ya kamata ya yi, har ya iso wani ɗan maɓalli da ake ja hagu ko dama. Idan sassa suka yi yawa wuri guda, shi ke sa na'ura ta rage kyawun hoto don kada ta yi nauyi, ta nuna da'ira da gajerun layuka, alhali zanen kansa lafiya lau. An ja shi can ƙarshen hagu. Ya tuna shi da kansa ya ja shi, shekarun baya, lokacin da tsohuwar kwamfutarsa ke numfashi da ƙyar, ya kuma tuna yadda ya kwaso saitin nan ya zuba a sabuwa, har ya sake zuba shi da ya sake saka manhajar, don ba ya son a taɓa masa tsari.

Ya ja shi dama. Haƙoran suka narke, famfon ya tsaya sumul.

"Auta!" ya kira, tun kafin ya yi tunani. "Zo ki ga."

Ta zo, sanye da mayafin fita, takardun makarantarta a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa, yatsun ƙafarta daidai dokin ƙofar, ta miƙa wuya ta dubi allon daga nan.

"Ya yi kyau, Baba."

"Shigo mana ki duba da kyau. Akwai wuyan bututun ma, ban tabbata na..."

"Ka rantse," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Sai na dawo."

Ya ji ta tana yi wa uwarta sallama, ya ji ƙofar gida ta rufe. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya cire tabarau ya goge ya mayar, yana neman inda ƙaramin rubutun awon wuyan bututu yake.