Baƙar Motar Gwangwani

A garin Maigatari an yi wani yaro ɗan aji biyar, gwanin ƙera motar wasa. Da gwangwanin madara yake yin jikinta. Ya yanka tsohon silifa ya yi tayoyi, ya soke su da waya mai kauri. Motocinsa ba su da wani ado, amma akwai ƙarko. Duk yaran unguwa wajensa suke saye.

Wata rana maƙwabciyarsu, Hajiya Zinariya mai fataucin atamfa, ta dawo daga Kano da sabuwar mota. Baƙa ce wuluk, sai sheƙi take yi. Yaron ya ji manya suna cewa kuɗinta zai sayi ƙananan motoci huɗu.

Ya ruga gida da gudu.

"Inna, na gano! Ashe ƙyalli mutane suke saye. Ni ma motar manya zan ƙera."

"To, Allah ya taimaka," in ji Inna, tana tankaɗe.

Ya samo baƙin fenti ya shafe gwangwanin. Ya manna ledar biskit mai walƙiya a matsayin gilashi. Har fitilu ya yi mata da murfin kwalba. Da ya zo kan tayoyi, sai ya tarar wayarsa ta ƙare. Bai tsaya nema ba, ya soke su da tsinken tsire.

Inna ta ɗaga motar ta duba. "Anya wannan tsinken zai riƙe ta?"

"Haba Inna! Wa zai leƙa ƙarƙashi?"

Ya ajiye ta a ƙofar gida. Yara suka yi cincirindo. Kowa ya tambayi kuɗi, sai ya ce ninki huɗu na sauran. Duk suka ja da baya, sai Bilal, ƙaramin jikan Hajiya. Ya yi ta roƙon kakarsa har ta saya masa.

Bilal ya ɗaura mata zare, ya fito yana ja. Ko ƙarshen layi bai kai ba, sai ji aka yi ƙas! Tsinke ya karye, tayoyi suka watse. Bilal ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

"Ashe tsinke ne a ciki!" in ji wani yaro. "Ya cuce shi!"

Daga ranar babu wanda ya sake zuwa sayen mota. A makaranta ma sai a riƙa kiransa Mai Tsinke. Abin ya dame shi, da ya dawo gida sai ya ɓuya a ɗaki.

Inna ta ce, "Ɓuya ba za ta gyara komai ba. Tashi ka je ka ba su haƙuri."

Ya sami Hajiya a tsakar gida, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, ki yafe mini. Na ɗauka ƙyalli ne yake sa mota tsada, kamar taki."

Hajiya ta yi dariya. "Ɗan nan, kana tsammani don fenti na saye ta? Kullum ina kan hanya, yau Kano, gobe Damagaram. Ina son motar da ba za ta tsaya mini a daji ba, mai birki mai kyau. Ni ta biya ni. Amma da iyakata cikin gari ce, da asarar kuɗi na yi. Ƙarama ma ta ishe ni."

"To ni yanzu yaya zan yi?"

"Kai ne maƙerin. Ka fi ni sani."

Ya karɓi motar ya koma gida. Ya je wajen mai gyaran keke ya samo waya mai ƙarfi. Ya sake tayoyin gaba ɗaya. Sannan ya cika motar da tsakuwa, ya ja ta a kan gargada, ya ga ko gezau ba ta yi ba.

Ya kai wa Bilal a gaban yara, ya kifa ta. "Kowa ya leƙa ƙarƙashi," in ji shi.

Suka leƙa. Bilal ya ja ta da gudu har bakin masallaci ya dawo yana dariya. Nan take yara biyu suka ce a ƙera musu irinta.

Tun daga lokacin yaron ya gane cewa abu ba ya cancantar tsada don ƙyallinsa, sai don ingancinsa da amfanin da zai yi wa mai shi.