Keken Safara'u

Ranar wata Asabar, gab da kiran magariba, Safara'u ta turo kekenta cikin gidansu a Lugbe. Mahaifinta, Alhaji Musbahu, mai shagon tayil a bakin titin filin jirgi, yana tsugune yana alwala. Shekara biyu ke nan tana wannan fita duk Asabar, ita da abokan aikinta na asibiti. Sukan bar kwalta su bi hanyoyin burji da tsakuwa, su ratsa gonakin doya da fadamu har bakin rafi. Ya yi faɗa ya gaji, ya zuba mata ido.

Ta jingine keken a jikin tankin ruwa, ta shige ɗaki ko hular kwano ba ta cire ba. Tayoyin sun sha baƙar laka. Alhaji na wanke ƙafar hagu ya ji sarƙar keken tana ƙas, ƙas. Ya waiwaya. Feda na juyawa da baya a hankali, babu kowa a wajen.

Da liman ya tayar da sallah, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗakin Safara'u. Ɗaya bayan ɗaya take faɗowa, kamar mai jifan ba ya sauri.

Haka aka yi kwana goma sha uku. Jifan kan fara da faɗuwar rana, ya tsaya kafin isha. Da safe Hajiya Ummukulthum, uwar yarinyar, takan share tsakuwar ta zuba a bokiti. Sumul-sumul take, irin ta cikin rafi, kuma a jiƙe. An wanke keken sau uku, washegari a tarar da laka ɗanya a tayoyin. Safara'u ta daina zuwa aiki. Tana zaune a bakin gado tana duban bango, tafin ƙafarta sanyi ƙalau. An auna jininta, an ɗauki hoton kanta, ba a ga komai ba.

Tsoro ya yi kwana uku a gidan, daga nan wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Ba mai kuka. Alhaji kan rufe shago da la'asar, ya dawo ya zauna a kan tabarma yana sauraron kwano. Hajiya kan dafa tuwo ta kwashe, ya huce a kwano ba wanda ya taɓa.

Justina, ƙawar Safara'u da suke fita tare, ta zo dubiya. 'Yar wani ƙauye ce a can gefen rafin, Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Baba, ranar nan mun wuce fadama, Safara'u shi kaɗai ya tsaya a baya," in ji ta. "Na kira shi, ya ce yana zuwa. Wurin nan kakana ba ya yarda mu yanka ko ciyawa. Yanzu tifa na zuba yashi a ciki, za su gina gidajen estet."

Ranar Juma'a bayan la'asar Alhaji ya ɗauko Malam Musaddiq daga Karu, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Safara'u a kai uwarta na riƙe da ita. Ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta rufe su. Can sai yarinyar ta sauke numfashi, bayanta ya ranƙwafa, ta yi magana da muryar tsohuwa wadda haƙora suka ƙare mata.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. A fadama nake."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To me ya kawo ki gidan mutane?"

Tsohuwar ta ce, "A Mpape aka haife ni, cikin dutse. Suka sa nakiya suka fasa. Na koma wata ƙorama, suka shimfiɗa kwalta a kai. Na zo fadama na binne 'ya'yana biyu a gindin giginya. Yanzu yashi ya kai gindin giginyar. Ƙafata ba ta tafiya, malam. Na ga abin hawa na hau."

"Jifan fa?"

"Ina kira ne. Ba wanda ya tambaye ni sai kai."

Malam ya ce mata zalunci zalunci ne ko a hannun wanda aka zalunta, kuma za ta fita yau ko ta so ko ba ta so. Ta ce ta ji. Amma a bar mata yarinyar kwana ɗaya tak, ta kai ta can saman rafi inda mota ba ta zuwa. Malam ya ce ko sa'a ɗaya ba za a ba ta ba. Ya ci gaba da karatu, tsohuwar na nishi.

Alhaji Musbahu ne ya yi magana, idonsa a ƙasa. "Malam, ta saki 'yata ta koma kan keken. Ni zan kai ta."

Malam ya amince. Ya sa tsohuwar ta rantse da wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba, ita ko wani nata. Ta rantse. Safara'u ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta, barci ya ɗauke ta. Magaribar ranar kwano bai yi ƙara ba.

Da gari ya waye Alhaji ya naɗe ƙafar wandonsa ya hau. Rabonsa da keke tun yana saurayi a Zariya. Justina na gaba a kan nata, yana biye. Keken da Safara'u ke ɗagawa da hannu ɗaya ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun siminti. Suka bar gidaje, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya. Suka wuce fadamar, rabinta ja da yashi, rabinta kore, balbelu na tsaye a kan iyakar. Tifa biyu na jiran layi. A nan keken ya ƙi tafiya, Alhaji ya sauke ƙafa ya jira, bai san tsawon lokacin ba, har ya ji feda ta saki.

Sun yi awa uku suna bin gaɓar rafin, wani wuri a hau, wani wuri a tura cikin taɓo. Inda hanya ta ƙare akwai gora mai duhu da ruwa kwance. Nauyin ya sauka kawai. Alhaji ya jingine keken a jikin gorar, ya yi addu'ar da Malam ya ba shi, ya juya. Da ƙafa ya dawo, Justina na tura nata a gefensa, har inda ya samu ɗan acaɓa.

Ya tarar da Safara'u a tsakar gida tana shan koko. Ta rame, amma idon nata ne. Ta dubi lakar da ke wandonsa.

"Baba, kun kai ta?"

"Na kai ta. Keken ma na bar shi can."

Ta gyaɗa kai. Ta juya cokali a cikin kofin.

"Ba hawa ta yi da kanta ba, Baba. Na gan ta zaune a bakin hanya, tifa na zuba yashi a bayanta. Ta ce, 'yan nan, rage mini hanya. Na ce mata kekena ba shi da wurin zama. Ta ce ba ta da nauyi." Ta ajiye kofin. "Ni na ce ta hau."

Alhaji ya zauna a bakin tabarma, ya fara cire takalmansa.

"Kada ki faɗa wa uwarki," in ji shi.