Man Suya a Bututun Gidan Mwanaidi

Magariba ta kawo kai a Tanga, iskar teku ta tsaya cak. Mwanaidi ta kwashe kifin ƙarshe daga kasko, ta tuttule man suyan da zafinsa a ramin wanke-wanke, kamar yadda ta saba. Ba bisimilla, ba jiran ya huce.

Gidan ya daɗe yana yi mata kashedi. Ruwa ya daina wucewa da sauri. Bututun bayan gida yana ƙugi kamar tsoho mai tari. Wari ya tare a tsakar gida, ciyawa ta yi kore shar a layi guda, daidai inda bututun ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Da mijinta ya tambaya, sai ta ce 'yarsu Zuhura ce ke cusa tsumma. Yarinyar ta sha bulala.

A yammacin nan dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani ya biyo. Zuhura ta durƙusa a bakin ramin, ta kama kuka da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko Shehe Kombo, malamin unguwa. Ya yi karatu mai tsawo, ya tofa mata.

"Me kike nema a jikin 'yar mutane?"

"'Yar mutane? Nawa ɗan fa, Malam?" in ji wata aljana ta bakin Zuhura. "A bututun nan muke. Mai ya saɓule masa fatar baya. Mun yi tari, mun yi wari, an toshe kunne."

"To, ina ruwan yarinya?"

"Uwarta ce ta ce ita ce mai laifi. In ita ce, da ita zan tafi."

Mwanaidi ta dubi mijinta, ta dubi shatin bulala a ƙwaurin 'yarta.

"Ni ce. Wallahi ni ce, Baban Zuhura."

Aljanar ta nemi a tona, a sa sabon bututu, mai kuma ya riƙa hucewa a gwangwani. Shehe ya amsa. Zuhura ta yi atishawa, ta sulale ƙasa.

Da safe mai gyara ya ciro bututun a tsage, maiƙo ya daskare a ciki fari fat kamar sabulu. Zuhura ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Mama, babu tsumma, ko?"

"Babu, 'yata," in ji Mwanaidi, idonta a ƙasa. "Ko ɗaya."