Hannun Mai Kitso

Ranar Talata, ƙarfe bakwai da kwata na safe, butar shayi ta suɓuce daga hannun Mai Kitso, ta kife a gaban surukarta.

"Kin gani ko, Inna?" in ji Auta, ƙanwar mijin. "Kan matan waje takan kitsa shi har la'asar, amma da an zo aikin gida sai hannu ya mutu. Aktin ne wallahi!"

Mai Kitso ta fashe da kuka. "Inna, yatsuna ne ba na ji. Kamar tururuwa ke yawo a cikinsu."

Inna ta dubi ɗanta, direban motar haya. "Ka sallame ta. Ban haife ka don ka yi jinyar malalaciya ba."

Direba ya durƙusa. "Inna, don Allah mu ga likita tukuna, ke ma ki zo. In ƙarya ce, yadda kika ce haka za a yi."

A asibiti likita ya ƙwanƙwasa wuyan hannun Mai Kitso da yatsa, ta zabura kamar lantarki ya ja ta.

"Jijiya ce ta matse," in ji shi. "Hanyar da take bi a nan ƙunci gare ta, yawan kitso da matsar wanki suka kumbura wurin. Da kun ƙara jinkiri, da babban yatsan ya fara shanyewa."

Inna ta sunkuyar da kai. Wankinta ne, ita ce ba ta yarda a shanya mata zane yana ɗigar ruwa.

Aka ɗaura wa Mai Kitso abin miƙar da hannu, aka yi allura, aka hana ta aiki. Direba ya karɓi wanki, yayyensa na kiransa mijin-ta-ce, ya ci gaba da wankinsa. Da allura ta gaza, aka yi ƙaramar tiyata aka buɗe wa jijiyar hanya.

Tana kwance da bandeji, kanta a tsefe, sai Inna ta shigo da mataji.

"Matso nan, 'yata. Na zalunce ki."

Ciwon da ido bai gani ba ma ciwo ne, wanda ya yi haƙuri ya bincika kuwa ba ya rusa gidansa.

Auta ta yi aure ta tafi. Inna ta rasu bayan damina biyu, kanta bisa cinyar surukar tata. Waɗanda suka rage a gidan: Direba, Mai Kitso da ɗan tabo a tafin hannu, da jaririyar da suka sa wa sunan Inna.