Kambin Lalla Batul Mai Falle Bakwai

Har gobe, in Kenza ta ji ƙamshin ruwan furen lemo, zuciyarta sai ta koma gidan kakarta a tsohon birnin Fas, ta tsaya cak a safiyar da aka fito da akwatin kambi saboda bikinta.

Lalla Batul na zaune a tsakar gida, mabuɗi rataye a wuyanta kamar laya. Ta ɗago kai ta harari jikarta.

"Matso nan, mummuna, ki ga abin da zai rufa miki asiri ranar biki."

"Ni ce mummuna? To ai ke na ɗauko, Lalla, har hancin!"

"Rufe min baki, marar kunya. Da ƙuruciyata, maza har tuntuɓe suke yi a ƙofar gidanmu."

Ta buɗe akwatin, ta yaye farin ƙyalle. Kambin amaren gidan ke nan. Falle bakwai ne na zinariya da ake naɗewa, na tsakiya ya fi tsayi, an ƙera shi kamar ƙofar masallaci. Ƙananan lu'ulu'u sun zagaye kowane falle, a tsakiyarsa kuma koren dutsen zumurrudu ne kamar ƙwayar zaitun. Labarinsa kuwa, duk wanda ya taɓa cin kuskus ɗin Juma'a a gidan ya haddace: wata matar sarki ce ta cire shi daga kanta ta ba kakar mijin Lalla Batul, saboda ta shayar mata da ɗa. Ba a auren 'yar gidan sai da shi, kuma Lalla Batul ce kaɗai ke taɓa shi. Ko masu shirya amare, da suka saba juya gwal ɗin kowane gida, sai dai su tsaya gefe suna ƙunƙuni ta ɗora shi da hannunta.

Amma tsufa ba ya shawara da kowa. Hannun ya yi rawa, kambin ya suɓuce, mahaɗin falle biyu ya ɓalle.

"Innalillahi!" Gwaggo Shama, ƙanwar mahaifin Kenza, ta dafe ƙirji. "A kai shi babban kanti a sabon gari."

"Shagon Allal za a kai shi," in ji Lalla Batul, "ko kuwa ya zauna a karye."

Gwaggo Shama ta taɓe baki. Mu'allim Allal ya daɗe da rasuwa, jikansa Nawfal ne ke zaune a shagon, kuma Nawfal ɗin nan shi ne angon Kenza. Shekara biyu yana sintiri kafin mahaifinta, Si Tayyib likita, ya amince, shi ma da ƙyar. Gwaggo kuwa ba ta taɓa saukowa ba.

"Mu da sunanmu ke cikin littattafai, mu ɗauki 'ya mu ba mai baƙin farce! Yanzu kuma mu haɗa masa da kambi."

Kenza ta haɗiye maganar, don ta saba. Ita dai ta san tana son sa, har baƙin farcen.

Tare da gwaggon suka kai kambin kasuwar maƙeran zinariya. Nawfal ya miƙe ya gaishe su, ya karɓa da hannu biyu. Maƙeri ba ya fara kallon fuskar kaya, bayansu yake dubawa, don a nan ake gane hannun mai aiki. Ya kifa kambin, ya kara madubinsa a ido, ya yi ta dubawa har Kenza ta ƙosa.

"Me ka gani ne haka?"

"Hannun kakana," ya ce a hankali. "Allah ya jiƙansa. Nan da kwana huɗu kun samu."

Ya cika alkawari. Ya dawo da kambin a ɗinke, ko tabon gyara babu.

Saura kwana goma biki, Tamu mai shirya amare ta zo gwajin kaya. Aka zaunar da Kenza, aka sa mata kaftani mai nauyi. Lalla Batul ta ɗaga kambin, hannun ya sake kama rawa, kafin ta ankara Tamu ta karɓe.

"Kawo, Lalla, kada ya sake faɗuwa. Kai, yau dai na taɓa shi!"

Tamu na da ɗabi'ar masu sana'arta: duk dutsen da ya shiga hannunta sai ta kara shi a leɓe, don zumurrudu na gaske sanyi ne da shi, gilashi kuwa nan da nan yake ɗaukar ɗumi. Ba da wata manufa ta yi ba. Ta kara na farko, fuskarta ta canza. Ta kara na biyu, na uku, har na bakwai.

"Lalla Shama... waɗannan da ɗumi suke. Gilashi ne, duka."

Gwaggo Shama ta zabga salati har tantabarun soro suka tashi.

"Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? Kwana huɗu a hannunsa, ya ƙwaƙule mana gado!"

Kenza ta dubi kakarta tana jiran ta ce wani abu. Tsohuwar ta sunkuyar da kai, ta tashi ta shige ɗaki.

Da la'asar Si Tayyib ya sa aka kira Nawfal. Ko wurin zama bai nuna masa ba.

"Ina duwatsun uwata?"

"Si Tayyib, abin da aka ba ni shi na dawo da shi. Ban ci amanarku ba."

"Wato mu ne maƙaryata? Kambin da ya fito daga fada ne gilashi?"

Nawfal ya sunkuyar da kai.

"Ka yi magana mana!"

"Ba ni da abin ƙarawa, ranka ya daɗe."

"To babu aure. Ranar Asabar kuma mu haɗu a gaban shugaban maƙera."

Kowa ya san ma'anar wannan. Maƙerin da shugaban sana'a ya kama da canjin dutse, ya gama buɗe shago a Fas, shi da 'ya'yansa.

Washegari Kenza ta yafa mayafi ta nufi kasuwa, idanunta sun kumbura suntum. Ta same shi yana goge wani ɗan zobe kamar babu abin da ya faru, abin ya ƙara ƙona mata rai.

"Nawfal, za su raba mu, za su rufe maka shago, kai kuma kana goge zobe! Na san ba ka ɗauka ba. To ka faɗi abin da ka sani!"

Ya ajiye zoben. Sai a lokacin ta ga nasa idanun ma jajur suke.

"Kenza, ranar da kakana ya fara ba ni guduma, abu guda ya sa na rantse a kai. Abin da maƙeri ya gani a bayan kayan mutane ba ya ƙetare ƙofar shago. Mata suna kawo mana abin da ko mazansu ba su sani ba. Wannan maganar tana da mai ita, kuma ba ni ba ne."

"Ko da za ka rasa ni?"

"In na rasa ki, ban san yadda zan yi da raina ba. Amma in na buɗe baki, wanda za ki aura ba ni ba ne, wani ne mai irin fuskata."

Ta fito tana kuka, tana jin haushinsa, tana kuma jin son sa ya ninka. A hanya maganganu suka yi ta dawo mata. Hannun kakana. Shagon Allal ko ya zauna a karye. Da kuma hannun kakarta da shekara arba'in bai bari kowa ya taɓa kambin ba. Ta ƙara sauri zuwa gida.

Ta sami Lalla Batul a ɗaki, shayinta ya huce ba ta sha ba. Kenza ta durƙusa ta ɗora kai a cinyarta. Ba ta tsokane ta ba yau.

"Lalla, ya ce maganar tana da mai ita. Ya ce gara ya rasa ni da ya faɗa."

Tsohuwar ta rungumo ta. Hawaye suka ɗiga a gashin Kenza.

"Jinin Allal ne," ta ce. "Wayyo ni, jinin Allal ne."

Ranar Juma'a, an ajiye kuskus ke nan kowa ya miƙa hannu, Lalla Batul ta ce a dakata. Ta ɗora kambin a kan tebur.

"Tayyib, shekararka bakwai ubanka ya rasu, a shekarar yunwa. Ka tuna mun taɓa kwana ba burodi?"

"A'a, Inna."

"Ba ka taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Ga shi nan." Ta ɗora yatsa a dutse na farko. "Wannan alkama ce. Wannan ma alkama. Wannan maganinki ne, Shama, da zazzaɓi ya kusa tafiya da ke. Waɗannan huɗun kuwa karatunka na likita ne. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa kai wa Allal da rana tsaka, a naɗe cikin tawul kamar mai zuwa gidan wanka. Ya sayar, ya sa gilashi a gurbinsu, ya mutu bai faɗa wa ko matarsa ba. Ni kuma kunya ta hana ni. Na yi ta ba ku labarin fada, har na zauna ina kallo kuna kiran jikansa ɓarawo. Allah ya yafe mini."

Babu wanda ya ci kuskus ɗin nan. Gwaggo Shama ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙa. Si Tayyib ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya tashi ya sumbaci kan uwarsa, ya sa takalmi ya fita. Mutanen unguwa sun ga abin da ba su taɓa gani ba: likita guda a ƙofar gidan maƙeri yana neman gafara.

"Ɗana, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Uwarka ce, Si Tayyib. Kuma ina fatan ta zama kakata."

An yi biki a ranar da aka sa. Si Tayyib ya so ya sayo zumurrudu na gaske a mayar, Kenza ta ce ko kusa, da gilashinta za ta shiga. Gwaggo Shama ce ta riƙe hannun Lalla Batul suka ɗora kambin tare, tana ta faɗa wa baƙi, "Angon namu fa, duk Fas babu hannu irin nasa," kamar ba ita ba.

Haka rayuwa take. Wanda ya riƙe amana ya yi haƙuri, ko an daɗe Allah zai wanke shi, kuma darajar gida ba a dutsen da ke goshin amarya take ba, tana wurin waɗanda suka rufa wa gidan asiri.

Yanzu an sayar da tsohon gidan, Lalla Batul ta daɗe a ƙasa, mabuɗin kuma yana wuyan Kenza. In jikokinta suka taru ta buɗe akwatin, kowa na iya taɓawa, har da sawa a baki. Labarin matar sarki takan gama shi a numfashi biyu. Amma in ta ɗora yatsa a dutse na farko ta ce, "Wannan alkama ce," to sai shayi ya huce ba ta kai na bakwai ba.